A wane bakin teku ne rana take fitowa daga cikin ruwa, kuma ƙarfe nawa ake fita?

"Assalamu alaikum Malam. Bara bayan mun gama Umara mun kwana biyu a Jidda. Na tashi maiɗakina da yara da asuba muka je bakin teku don mu ga rana tana ɓullowa daga cikin ruwa, kamar yadda muke gani a hotuna. Muka yi ta jira har gari ya waye tangararan, ashe ta bayanmu ta fito, ta kan benaye. Har yau yara tsokanata suke yi. Bana in Allah ya yarda muna son yin hutun ƙarshen shekara a bakin teku, kuma muna tsakanin Legas, Accra da Zanzibar. Wanne ya fi? Ƙarfe nawa ake fita? Me kuma ya kamata mu kiyaye, tunda duk cikinmu babu wanda ya iya ruwa?" — wani magidanci daga Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah ya karɓi ibada. Tambayoyinka uku ne: wuri, lokaci, da yadda za a je lafiya a dawo lafiya. Amma bari mu fara da abin da ya same ku a Jidda, domin ba rashin sa'a ba ne, ba kuma makara kuka yi ba. Jidda tana gaɓar gabashin Bahar Maliya, wato ruwan yana yamma da gari. Duk wanda ya tsaya a nan ya fuskanci teku, ya ba gabas baya. Ko shekara kuka yi kuna sammako, rana ba za ta taɓa fitowa daga cikin wannan ruwan ba. Faɗuwarta ake zuwa kallo a Jidda. Da a ɗaya tsallaken kuke, wajen Port Sudan, da kun ga abin da kuka je nema. Wannan magana taswira da kalanda ne suke yanke ta, tun kafin a biya kuɗin jirgi.

Ina gaɓar ta fuskanta?

Mun saba cewa rana daga gabas take fitowa, kuma haka ne, sai dai gabas ɗin faɗi gare ta. Wanda yake da bango a tsakar gida ya san inuwarsa ba wuri ɗaya take kwanciya ba da damina da hunturu. Sau biyu kawai a shekara rana take fitowa daidai tsakiyar gabas: wajen 20 ga Maris da wajen 23 ga Satumba. Daga Maris tana ta gusawa arewa har 21 ga Yuni, sannan ta juyo. Daga Satumba kuma ta yi kudu har 21 ko 22 ga Disamba. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, irin su Najeriya, Gana da Tanzaniya, wannan gusawa takan kai digiri 23 zuwa 24 ta kowane ɓangare. In ka buɗe kamfas ɗin wayarka, tsakiyar gabas ita ce 90. A ƙarshen Yuni rana tana fitowa wajen 66, a ƙarshen Disamba wajen 114. In babu kamfas, miƙa hannunka gaba ɗaya ka dunƙule shi: faɗin dunƙulen a sararin sama kusan digiri 10 ne. Ke nan a Disamba ka fuskanci gabas, ka ƙirga dunƙule biyu da ɗan ƙari zuwa dama, nan za ta ɓullo.

Yanzu a ɗora wannan a kan wuraren da ka ambata. Gaɓar Legas, daga Badagry har gabashin Lekki, ta miƙe ne kusan sak daga yamma zuwa gabas, teku yana kudu. Saboda haka daga Afrilu zuwa farkon Satumba rana ta kan tudu take fitowa, ta bayan gidaje da itatuwan kwakwa da ke hagunka. Wajen Maris da ƙarshen Satumba tana fitowa ta kan layin rairayin kansa. Daga tsakiyar Oktoba zuwa Fabrairu ne kaɗai take fitowa a kan ruwa, kuma ko a lokacin ba a gabanka take ba in ka fuskanci teku. Sai ka juya hagu sosai, kana kallon tsawon gaɓa, za ka gan ta can gefen ruwa.

Gana ta fi Legas dacewa a wannan fanni, kuma mutane da yawa ba su lura da dalilin ba. Gaɓarta daga Cape Three Points zuwa Ada ba sak take ba, ta karkata ne zuwa arewa maso gabas, a kan kamfas wajen digiri 70. Wato wanda yake Labadi a Accra, ko Cape Coast, ko Elmina, tsakiyar gabas a kan ruwa take a wurinsa. In ka cire makonnin da ke kewaye da Yuni da Yuli, kusan duk shekara rana daga teku take fitowa. Lome da Kwatano suna tsakanin biyun.

Zanzibar kuwa tsibiri ne, saboda haka sunan kaɗai ba ya wadatarwa. Sai an san wane gefe. Tsohon garin da ake kira Stone Town yamma ya fuskanta, haka ma Kendwa a arewa maso yamma. In ka sauka a can ka maimaita Jidda. Garuruwan gaɓar gabas su ne abin nema: Paje, Jambiani, Bwejuu, Kiwengwa, Matemwe. A nan rana a gabanka take fitowa, daga Tekun Indiya, wata goma sha biyu. Daga Stone Town zuwa Paje tafiyar wajen kilomita 50 ce, kusan awa ɗaya a mota, don haka ba wurin da za a kwana a gari a yi sammako ba ne. A can ake kwana.

Tunda mutanenmu suna yawan zuwa wasu wuraren, ga su a taƙaice. Kribi a Kamaru yamma ta fuskanta. Jumeirah a Dubai arewa maso yamma. Mai son fitowar rana a wannan ƙasa sai ya tsallaka duwatsu zuwa Fujairah ko Khor Fakkan. Hurghada a Masar, Diani da Nyali a wajen Mombasa, da Khobar a gabashin Saudiyya, duk gabas suke kallo.

Kafin ka kama masauki, buɗe taswira a waya, ka sa ta a hoton tauraron ɗan'adam, ka ɗora yatsa a kan masaukin, ka ja layi zuwa inda rana za ta fito a watan da za ku je. Duba ko layin ya faɗa kan ruwa, ko kuwa akwai wani tudu da ya kutsa cikin teku, ko katangar tashar jiragen ruwa, ko dogon gini. Kuma ka sani, in masu masauki suka ce ɗaki yana kallon teku, ba su ce yana kallon gabas ba. Ka nemi su turo maka hoton safiya da aka ɗauka a wannan watan.

Disamba da matsalar hazo

Ta fuskar kusurwa, Disamba ta yi wa Legas da Accra kyau. Ta fuskar iska kuwa, watan caca ne. Hazon hunturun da ka sani a Zariya ba ya tsayawa a Arewa. Iskar arewa maso gabas tana ɗauko ƙura daga Sahara, musamman daga ƙwarin Bodele a Chadi, kuma daga ƙarshen Disamba zuwa Janairu takan kai ta har bakin teku. A can ƙurar tana haɗuwa da laimar teku. Ranar da hazo ya sauka, sama da ruwa sukan zama launi ɗaya, toka-toka, babu layin da ya raba su. Rana ba za ta bayyana a lokacinta ba. Sai ta hau kamar dunƙule ɗaya sannan ka gan ta, fara ko jaja-jaja, kamar faifai a rataye. Yana da nasa kyau, amma kai kana ganin irinsa daga ƙofar gidanka kyauta. Hazon ba kullum ba ne, zuwa yake yana tafiya: kwana uku ko huɗu ya rufe, sannan ya ɗaga. Farkon Disamba ya fi ƙarshensa tsabta.

In da zaɓin wata a hannunka yake, Nuwamba nake ba mutane shawara a gaɓar Afirka ta Yamma. Ruwan sama na biyu (a wannan gaɓar sau biyu ake damina a shekara) ya ja baya, ya wanke iska, hazo bai iso ba, kuma a tsakiyar watan rana tana fitowa wajen digiri 108, wanda ya isa ya sa ta kan ruwa ko a Legas. Yuli da Agusta su ne mafi muni. A lokacin ruwan teku yana yin sanyi a wannan yanki, gajimare mai ƙasa-ƙasa yana lulluɓe safiya, igiyar ruwa kuma ta fi ƙarfi.

Zanzibar ba ta san hazonmu ba. Babbar daminarta daga Maris zuwa Mayu ce, ƙaramar kuma wajen Nuwamba zuwa Disamba, wadda yawanci yayyafi ne mai ƙarfi na ɗan lokaci sannan gari ya washe. Zuwa ƙarshen Disamba tana janyewa, zafi yana shigowa.

To ga ra'ayina, tunda ka tambaya. In fitowar ranar ita ce babbar manufa kuma aljihu zai ɗauka, gaɓar gabashin Zanzibar ce ta ɗaya, ba don kusurwa kaɗai ba, har don ruwanta ya fi sauƙi ga iyalin da ba su iya iyo ba, kamar yadda zan bayyana. Gana ta biyu. Legas ta uku, kuma dalilin bai tsaya ga hazo ba. Bar Beach da iyayenmu suka sani babu ita yanzu, an cike wurin an gina Eko Atlantic. Yawancin wuraren da suka rage a Lekki na 'yan kasuwa ne, da ƙofa da kuɗin shiga, kuma ba dole ne su buɗe da asuba ba. In Legas ɗin ce, nemi masaukin da yake da ƙofarsa ta kansa zuwa rairayi, can wajen Eleko ko Akodo, ka kuma tambaye su tun da wuri ko maigadi yana buɗewa kafin ƙarfe shida. Ko ina ne, ka ware safiya uku aƙalla. Babu masanin da zai yi maka alkawarin gajimaren ranar kaza.

Ƙarfe nawa

A makon ƙarshe na Disamba, rana tana fitowa a Legas wajen 6:50 zuwa 6:55, a Accra wajen 6:05 zuwa 6:10, a Paje ma wajen 6:05 zuwa 6:10, kowanne da agogon ƙasarsa. Gana tana bayan Najeriya da awa ɗaya, Tanzaniya tana gabanta da awa biyu, kuma wannan na biyun ne yake kayar da mutane: ƙarfe biyar na asuba a Zanzibar ƙarfe ukun dare ne a jikin yaronka. Kada ku sa fitar a safiyar farko. Ku bari sai ta biyu, ku kuma kwanta da wuri. In ka ji Legas tana makara haka, dalili shi ne Najeriya agogo ɗaya take bi alhali tana da faɗi. Kowane digiri ɗaya zuwa yamma yana jinkirta rana da minti huɗu, kuma tsakanin Maiduguri da Legas akwai kusan digiri goma.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a dubi lokacin da waya ta nuna a ce a isa daidai lokacin. Wanda ya yi haka ya zo tashin kasuwa. Fitowar ƙwayar ranar kanta, daga ɓullowar bakinta na sama har ta rabu da ruwa, minti biyu ne da 'yan daƙiƙoƙi. Abin kallon yana gabanta. Kuma a ƙasashenmu ba ya daɗewa, domin rana a tsaye take hawowa, ba a karkace ba kamar a Turai inda alfijir yake jan jiki.

Lissafin haka yake. Alfijir na gaskiya yana ketowa ne lokacin da rana take wajen digiri 18 a ƙasa da iyakar gani, wato minti 70 zuwa 75 kafin fitowarta. Saura minti 45, layin da ya raba sama da ruwa zai fara bayyana, da wani siririn ja a kansa, taurari masu haske suna nan, kuma in watannin da Gamzaki yake fitowa ne, shi ne zai fi kowa jinkirin ɓacewa. Daga saura minti 25 zuwa saura minti 10 launi yake kai maƙura, musamman in akwai gajimare a sama, domin hasken yana haska cikinsa daga ƙasa. A daidai wannan lokaci ka ɗan waiwaya yamma: za ka ga wani ɗauri mai ruwan hoda a saman wani shuɗi mai duhu. Shuɗin nan inuwar duniya ce tana sauka. Sannan launi ya ɗan koɗe, wuri ɗaya a bakin ruwa ya yi ta ƙara haske, sai ta ɓullo. Ke nan ku kasance a zaune a kan rairayi minti 40 zuwa 45 kafin lokacin da waya ta faɗa.

Jan da ake gani kuwa, iska ce take tace haske. Da rana tsaka haske yana ratso iska ta gajeriyar hanya. A bakin ruwa yana ratso kauri da ya ninka wancan kusan sau 38, shuɗin da ke cikinsa ya watse a hanya, ja da ruwan lemo su iso. Wannan kaurin iskar ne kuma yake lanƙwasa hasken, har ya ɗago hoton rana da kimanin rabin digiri, wanda shi ne faɗinta. Ma'ana, lokacin da ka ga gindinta ya taɓa ruwa, ita kanta ba ta gama hawowa ba, hotonta ne ya riga ta. Shi ya sa take zama a ɗan danne, kamar ƙwai a kwance.

Game da gajimare, sama wadda take tas ba ita ce ta fi kyau ba. Takan ba da ruwan ɗorawa kawai a wuce. Wadda ta fi ita ce mai siraran gajimare can sama, ya rufe kamar sulusi zuwa rabi, amma bakin ruwa a buɗe. Abokin gaba shi ne baƙin gajimaren da yake kwanciya daidai kan iyakar gani, kuma a tekunan ƙasashe masu zafi ya zama ruwan dare. In kun same shi kada ku naɗe tabarma. Kaurinsa yawanci digiri biyu ne ko uku, rana kuma tana hawan digiri ɗaya a minti huɗu, don haka bayan minti goma za ta fito ta samansa, sau da yawa da tsirkiyar haske da ta fi ta farkon kyau.

Sallar asuba

Tazarar da ke tsakanin alfijir da fitowar rana ta isa a yi sallah a natse a masauki ko a masallaci sannan a fita. In a bakin ruwan za a yi, ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, hadisi ya tabbatar da haka. Amma a ɗebo a buta, kada a tsuguna a inda igiya take kaiwa. A tuna kuma ba a nafila daga bayan asuba har sai rana ta ɗaga kamar tsawon mashi, wato minti 15 zuwa 20 bayan fitowarta.

Alƙibla ita ce inda Bahaushe yake yin tuntuɓe, domin a bakinmu gabas da alƙibla kalma ɗaya ce. A Legas alƙibla tana wajen digiri 63, ranar Disamba kuma tana fitowa wajen 114. Tsakaninsu dunƙule biyar. A Zanzibar abin ya fi haka: Makka tana arewa da tsibirin kusan sak. Wanda ya fuskanci teku a Paje ya tayar da sallah ya bar alƙibla a kafaɗarsa ta hagu. Mazauna tsibirin galibinsu Musulmi ne, masallatai suna ko'ina, sai a duba inda suka fuskanta.

Teku ba kududdufi ba ne

Nan ne zan ja hankalinka sosai, Alhaji, tunda ka ce babu mai iya ruwa a cikinku. Ko da akwai, wanda ya koyi iyo a dam ko a kogi bai san teku ba. Da asuba kuma babu masu ceto a bakin aiki, babu jama'a, haske bai isa a karanci ruwa ba. Dokar gidanku ta zama ɗaya: kafin rana ta fito babu mai taɓa ruwa.

Gaɓar Legas, Kwatano, Lome da Gana a buɗe take ga Tekun Atlantika, kuma rairayinta gangare gare shi. Igiya tana dukan gaɓa da ƙarfi, in za ta koma sai ta zare yashi daga ƙarƙashin ƙafa. Ruwa iya gwiwa yana kayar da babba. Ga tufafinmu: jallabiya, hijabi da zani in sun jiƙe nauyi suke yi, su naɗe ƙafa. Igiyoyi kuma ba girmansu ɗaya ba. Sukan yi ƙanana na ɗan lokaci, sai manya uku ko huɗu su biyo a jere su haye inda ake ganin busasshe ne. Don haka da kun isa, ka haska tocila ka nemi layin da ruwa ya bar shara, ciyawar teku da ɓawon katantanwa. Nan ne iyakar cikowar da ta wuce. Shimfiɗa tabarma taku goma sama da shi. Kada kowa ya ba teku baya a kan jiƙaƙƙen yashi don ɗaukar hoto. Yawancin waɗanda igiya take kayarwa a haka take samun su.

Akwai kuma ruwan da yake komawa ciki ta wata siririyar hanya, kamar kwata. Duk ruwan da igiyoyi suka turo dole ya koma, sai ya tattaru ya fasa wuri ɗaya ya fita da gudu, wani lokaci har ya fi mita biyu a daƙiƙa, gudun da ko gwanin iyo ba ya cin ƙarfinsa. Abin da ya sa yake cin mutane shi ne kamanninsa: wurin ya fi ko'ina lafawa, babu farin kumfa, ruwan ya fi duhu ko ya yi jirwayen yashi. Baƙo sai ya ce ga inda ya fi sauƙi. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawar dawowa kai tsaye; ya kwanta rigingine ya bar ruwa ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu, in ya iya iyo ya yi gefe, daidai da tsawon gaɓa, domin hanyar ba ta da faɗi sosai. Wanda yake tudu kuma kada ya bi shi. Ya jefa masa abin da yake yawo a kan ruwa, ko jarka ce, ya yi ihun neman masunta.

A gabashin Zanzibar matsalar daban ce. Akwai shingen murjani can cikin teku wanda yake karya igiya, saboda haka ruwan gaɓa a kwance yake. Amma bambancin cikowa da janyewa babba ne. A Legas wajen mita ɗaya ne. A can yana iya kusantar mita huɗu. In teku ya janye, a wasu wuraren yakan ja baya ɗaruruwan mitoci har zuwa kilomita, ya bar farin fili mai 'yan tafkuna da sama take haskawa a cikinsu kamar madubi. Da asuba babu abin da ya kai shi kyau, kuma shi ne yake jan mutum ya yi ta tafiya. Teku yana cika sau biyu ya janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50, wato kullum lokacin yana gusawa gaba da kusan minti 50. Daga janyewa zuwa cika kusan awa shida ne, amma ba da gudu ɗaya ba: rabin duk ruwan yana shigowa ne a awa ta uku da ta huɗu. A ranar babbar cikowa wannan yana nufin kusan mita ɗaya a awa, kuma yana fara cika ƙananan kwaruruka da ke bayanka kafin ka ankara. Ranakun babbar cikowa ba su da wuyar sani ga mai bin kwanan watan Musulunci: wajen tsayuwar wata ne da wajen 14 zuwa 16 ga wata. Wajen 7 da 22 ga wata ruwan ya fi lafawa. Kowane masauki a can yana da jadawalin cikowar teku. Ka duba shi da daddare. A sa wa kowa takalmin roba mai rufe ƙafa, saboda wata halittar ruwa baƙa mai ƙaya kamar bushiya, wadda ƙayarta take karyewa a cikin tafin ƙafa. In kun ga layukan turaku da igiya a cikin ruwa, gonakin ciyawar teku ne na matan garin. A zagaye su.

Ta fuskar mutane kuwa, kada ku yi nisa da masauki cikin duhu. Ku tsaya inda maigadi yake hango ku, a bar fasfo da kuɗi a ɗaki.

Kaya, ido da hoto

Kayan ba su da yawa. Tabarmar roba, domin yashi yana shan raɓa. Tocila, ba fitilar waya ba. Fulas na shayi da ɗan abin taɓawa don yara. Sanyin bai kai na Zariya ba, wajen digiri 23 zuwa 25 ne, amma da asuba iska daga tudu take busowa zuwa teku, kuma yaron da aka tasa daga barci yana jin ta, sai a riƙe masa riga mai dogon hannu. Ita ce kuma za ta kare shi daga sauro da ƙananan ƙudajen yashi, waɗanda wannan ne lokacin cizonsu. A shafa maganin sauro a idon sawu tun daga ɗaki.

Ido amana ne. Lokacin da rana take ja a bakin ruwa ana iya kallonta a ɗan sace, a kalla a kawar. Da ta fara komawa ruwan ɗorawa mai kashe ido, kallo ya ƙare, kuma a faɗa wa yara haka tun kafin a fita. Baƙin tabarau ba ya kare ido daga kallon rana kai tsaye. Madubin hangen nesa kuwa kada a ɗora shi a kanta ko sau ɗaya, domin tattara hasken yake yi ya ƙona cikin ido, kuma ba a jin zafi sai ɓarna ta auku.

Hoto yana lalacewa ne ta hanyoyi huɗu da aka sani. Na farko, wayar da ta kwana a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, da ta fito cikin laima sai gilashinta ya yi gumi, hoto ya fito dishi-dishi. Gogewa ba ta magani, sai ta ɗumama. A fitar da ita minti 20 zuwa 30 kafin a buƙace ta, ko a sa ta a aljihun da ke jikin fata. Na biyu, feshin gishiri yana sauka a gilashi ba a gani. A goge da tsabtataccen ƙyalle mai laushi, bayan an hure yashi, don kada a karce shi. Na uku, waya tana ganin duhu sai ta ƙara haske, ta wanke jan sama ya koma fari. Ka danna yatsa a kan wuri mafi haske a sama ka riƙe har ta kulle, sannan ka ja hasken ƙasa kaɗan. Na huɗu, karkataccen teku: kunna layukan da suke raba allo, ka daidaita bakin ruwa da ɗaya daga ciki. Kada ka yi mamakin ganin rana ta fito 'yar mitsitsiya. Faɗinta rabin digiri ne, kyamarar waya kuma tana ɗaukar wajen digiri 70. Manyan ranakun da kake gani a hotuna da dogon gilashi aka ɗauke su. In wayarka tana da ido na kusantowa sau uku, yi amfani da shi. In babu, sa wani abu a gaba, kwale-kwale ko itacen kwakwa ko yaran a tsaye. Fuskokinsu za su fito baƙi in rana tana bayansu. In fuskar ake so, su juya su fuskance ta, kai ka ba ta baya, a cikin minti ashirin na farko kafin haske ya yi tsauri.

Kada ku yi saurin komawa ɗaki. Bayan fitowar rana ne masunta suke shigowa. A gaɓar Gana za ku ga mutum ashirin ko fiye suna jan taru ɗaya daga tudu da waƙa, mata suna jira da kwanuka. A nemi izini kafin a ɗauke su hoto, kuma a hana yara tsallake igiyar tarun, domin in ta zabura tana kayarwa. Ka dai lura da ranar: a yawancin garuruwan masunta na Gana ba a fita kamun kifi ran Talata, saboda haka in kana son yara su ga wannan, kada ka sa fitarku a ranar.